Rasuwar Yaaba, Injin Ban Ruwan Rasmane

Da zuciya mai nauyi da baƙin ciki, Rasmane Nikiema na Loumbila, mai rumfunan leda biyu na tattasai, yana sanar da 'yan'uwa da abokan noma rasuwar injin ban ruwansa, wanda aka fi sani da Yaaba, wato Kaka. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha huɗu a bakin rijiya.

Marigayin ma'aikaci ne, safe da yamma yake shayar da tattasai. Bai taɓa tashi a ja na farko ba, don yana da nasa girman kan. Sai a na bakwai zai yi "tuf, tuf, turrr," unguwa ta san gari ya waye. Aibinsa ɗaya ne: ba ya ganin ruwa ya ƙyale. Duk watan Afrilu sai ya zuƙe rijiyar har laka, tattasan ya yi yaushi, maƙwabcinsu Tinga Ilbudo, da suke rijiya ɗaya, ya daina amsa gaisuwar Rasmane har damina.

Ciwon ajalin ya faro bara, ranar da uwargidan Rasmane, Pogbi, ta dawo daga taron ƙungiyar manoma da wani farin gari mai kama da gishiri. Ta ce a cakuɗa shi da ƙasa a gindin dashe. In ya sha ruwa sai ya kumbura ya riƙe, saiwa ta riƙa tsotsa a hankali.

Rasmane ya ce, "Gishiri ne zai yi aikin Yaaba? Mata dai!"

Ta ce, "Maigida, ka ba ni layi huɗu, ka riƙe sauran kai da kakanka."

Layukanta suka kwana huɗu da danshi, nasa kuwa kafin la'asar sun bushe. A dashe na gaba Rasmane ya zuba garin a rumfunan biyu, ya kuma faɗa wa mutane dabararsa ce.

Daga nan aka daina neman marigayin sai jefi-jefi. Rijiya ta ƙetare Afrilu da ruwanta, Tinga ya dawo gaisuwa har da tambayar iyali. Shi kuwa Yaaba yana zaune, tsatsa na cinsa, zanzaro ya yi gini a salansarsa. Ranar Talata Rasmane ya ja igiya sau arba'in har kafaɗarsa ta riƙe. Marigayin ya ce "tuf" sau ɗaya, bai ƙara ba.

Bakanike Bureima da ya duba shi ya goge hannu ya ce, "Na ga injin da wahala ta kashe, Rasmane. Wanda hutu ya kashe, naka ne na farko."

Marigayin ya bar tiyo biyu, ɗaya na yoyo, da jarkar fetur rabi, da mai shi, wanda har yanzu yakan farka da asuba ya nufi rijiya kafin ya tuna.

Za a kai gawar wajen maƙera ranar Asabar a amalanken Tinga, wanda ya yi tayin ɗauka da saurin da iyalan ba su ji daɗinsa ba. Zaman makoki a rumfa ta biyu. Pogbi za ta dafa shinkafa da wake, ta kuma roƙi masu zuwa ta'aziyya kowa ya taho da kwando: tattasai ya nuna ya fi ƙarfin mutum biyu, ba wanda zai ci abinci bai tsinke layi guda ba.