Rasuwar Talabijin Mai Kamo Tashoshi Ba Dikoda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da goshi mai ɗauke da ɗinki, ni Abdulbaƙi Dallatu, ma'aikacin gwamnatin tarayya mazaunin ɗakin baya a wani gida a Gwarinpa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar talabijin ɗina, wadda aka yi wa kisan gilla ranar Asabar bayan La'asar.

Marigayiyar 'yar gwanjo ce mai ƙatuwar ƙeya. A Mararaba na sayo ta, shekarar da gwamnatin farar hula ta ƙara mana albashi. Ta daɗe tana zaman haƙuri da tasha ɗaya, fuska duk yayyafi, ba ta magana sai an mare ta a gefe. Ba ta taɓa ramawa ba.

A daminar bana iska ta kwantar da eriyarta kan wayoyin benen maigidan da muke haya, sai baiwa ta sauko mata. Ba dish, ba dikoda, ta fara kawo ƙwallon Turai da kokawa da labaran duniya, tar kamar madubi. Aibinta guda, ita ke zaɓar tashar da za a kalla. Matata Hindatu ta ce in yi shiru da bakina. Ban yi ba. Kafin a ankara ɗakinmu ya koma gidan kallon unguwa.

Ranar da ajali ya zo, ɗaki ya cika har bakin taga. Yamusa mahauci da Ilyasu direba, kowa da ƙungiyar ƙwallonsa, tun safe suke gaya wa juna magana. Aka ba ƙungiyar Yamusa fanareti. Ɗan wasa ya ja da baya ke nan, marigayiya ta ce "tsiiit", ta koma nuna wata mata tana yanka albasa. Yamusa ya rantse Ilyasu ne ya danna rimot. Ilyasu ya ce, "Oga, rimot ɗin nan ko batir babu." Bai rufe baki ba ya sha naushi, haƙoransa na gaba suka zube a tabarma. Benci ya karye, kwalabe suka tashi. Na shiga rabo, kwalba ta fashe a goshina, jini ya rufe min ido. Yamusa ya rarumo taɓaryar Hindatu ya kai wa Ilyasu duka, Ilyasu ya sunkuya, taɓarya ta shige fuskar marigayiya har ƙeya. Kalmarta ta ƙarshe "fusss" ce, sai hayaƙi.

Ihun ne ya sauko da maigida, Alhaji Umar Farouk. Nan muka gane ashe daga dikodarsa marigayiya take kwaso mana tashoshi. Hajiyarsa ce ta canza tasha. Ya ba mu zuwa ƙarshen wata mu kwashe kayanmu.

Ta rasu ta bar rimot, da eriya, da ƙyallen rufi da Hindatu ta saƙa mata, da masoya da dama, cikinsu har da Yamusa, wanda yake hannun 'yan sanda. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Za a ɗauki gawar ranar Talata da hantsi a kurar baban bola. Zaman makoki a ƙofar gida ne, domin ɗakin cike yake da fasassun gilasai. Ba za a raba abinci ba. Hindatu tana Kado gidan yayarta, ba ta ɗaga wayata. Masu zuwa gaisuwa su hanzarta kafin wata ya mutu, kuma duk wanda ya san ɗakin haya, ya taho da labarinsa.