Ranar da Akwatin Baturiya Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wani akwati ya kwance mini zani a gaban surukina ba. Tun kafin a ba mu 'yancin kai ne, ina koyarwa a wata makarantar mishan a Lafia, da gajeren wandona mai kari da alƙalami a aljihu, ina ganin duk garin babu wayayye kamata.

Wata Baturiya ce ta zo bincike kan zaman mutane: wa ke auren wa, wa ke gadon gona, me ake ci da damina. Tana da akwati mai ɗaukar murya. Hausarta ba ta wuce "sannu" ba, sai aka haɗa ta da ni in yi mata tafinta. Da rawar kaina na ce mu fara da wani ƙauye a hanyar Doma, garin Baba Akwe, mahaifin Ladi da nake nema. (Gaskiya so nake kawai a gan ni a gaban mota.)

Muka je, mutane suka ƙi buɗe baki. Wani ya ce, "Kwanaki an zo an ƙirga mu, har yau ba mu san inda aka kai mu ba. Yanzu kuma murya?" Wata tsohuwa ta ce in an tafi da muryarta, da me za ta kira awakinta? Haushi ya kama ni. Na miƙe na yi musu wa'azi: wannan duhun kai ne, akwati ba ya cutar kowa, abin da ka ga dama kaɗai yake ji.

Baba Akwe ya gyara zama a gindin mangwaro. "Tunda Tica ya ce, ni zan yi."

Wayyo ni! Tambaya ɗaya, amsa goma. Daga doya ya koma kakanninsa, daga kakanninsa ya koma ɓaunar da ya kashe da mashi. Rana ta take, maƙogwarona ya bushe, Baturiya sai cewa take in ce masa ya ci gaba. Da ya tashi zagayawa, ita ma ta nufi mota shan ruwa, mutane suka ɗan watse. Na juya ga direba na sauke abin da ke cikina.

"Wannan tsoho zai kashe ni da surutu! Wace ɓauna? Mutumin da tinkiya ta kora har cikin rumbu? Ba don Ladi ba, ko da kuɗi ba zan zauna ba."

Da aka gama, Baturiya ta ce a tara kowa su ji, don tsoro ya fita. Muryar Baba ta fito tangaran, mata suna guɗa, shi yana shafa gemu. Sai akwatin ya ɗan yi shiru. Sai na ji wata murya da na sani: tawa. Ashe ba a kashe akwatin ba.

Har dariyar direba akwatin bai bari ba. Ladi ta shige bayan uwarta. Baturiya kuwa ta dube ni da murmushi, fensir a hannu, wai in fassara mata wannan ɓangaren, ba ta da shi.

Baba Akwe ya ce, "Fassara mata, ɗana. Kar ka manta tinkiya."

Na fassara. (Me zan yi?) Ta rubuta tsaf.

Abin takaicin, daga ranar tsoron akwati ya ƙare. Mata suka yi layi, kowacce na roƙon a ara mata shi ta ajiye inda mijinta ke shan burkutu. Baturiya ta ce ba ta taɓa samun tafinta mai amfani kamata ba.

Na auri Ladi, amma sai da na yi wa Baba noman doya har hannuna ya yi kanta, yana zaune a inuwa yana ba ni labarin ɓauna daga farko.

Ita Baturiya ta kwashi faifanta ta koma ƙasarsu, ban ma san wa ke saurarona a can ba. Abin da na koya shi ne, mai tattara maganar mutane mota ke jiransa. Wanda ya yi maganar shi ke kwana a garin.