Kananzir a Ƙarƙashin Hula

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Roni nema wa ɗana Nura aure ba, ko da kuwa tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina. Ni ban yi karatu mai nisa ba, gyaran babur nake yi a bakin tashar Kazaure, amma wallahi ban san wautata ta kai haka ba.

Abin ya faro ne daga autarmu Hafsatu, da ta kwaso ƙwarƙwata a makaranta. Kafin a farga duk yaran gidan sun kama susa. Uwarsu Binta ta tashi tsaye: ta tsefe kitson kowa, ta sayo magani a kemis, ta zaunar da su a tsakar gida tana bin kawunansu da mataji mai ƙananan haƙora. Zannuwan gado, rigunan filo, ɗankwalaye, duk ta jiƙa a tafasasshen ruwa ta shanya a rana. Ni kuwa gudunmawata faɗa ce. Na tsaya a kanta na ce ƙazanta ce kawai, a gidan ubana ba a taɓa ganin wannan abin ba.

Ta ce, "Baban Nura, ƙwarƙwata ba ruwanta da tsabta, kai ya taɓa kai shi ke nan. Kawo hulunanka in haɗa da su."

Na ce kada wanda ya kuskura ya taɓa mini hula. (Hafsatu fa a kan filona take barcin rana. Ban ma kawo wannan a raina ba.)

Ana gab da tafiya Roni sai ƙeyata ta fara ƙaiƙayi. Na ce zufa ce. Bayan kunne ya ɗauka, na ce sabulu ne bai karɓe ni ba. Ran nan ina cikin kwance injin wani babur na sa farce na sosa, na duba, ga ta nan tana yawo a kan yatsana, ƙosasshiya abinta.

To wa zan gaya wa? Binta, bayan abin da bakina ya faɗa? Mai askin tasha kuwa in ya gani, kafin azahar direbobi sun kai labarin har Babura. Ga shi gidan da za mu je ba ƙaramin gida ba ne. Alhaji, uban yarinyar, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, irin mutanen nan da ko takalminsu ba ya ɗaukar ƙasa. Dama ana raɗe-raɗin bai gama gamsuwa ya ba ɗan bakanike 'yarsa ba. Nura kuwa har ya rame a kan yarinyar nan. Na ga in aka ƙi mu saboda kaina, ba ni da idon da zan kalle shi.

Da safiyar ranar na lallaɓa shago, na ɗauko kananzir ɗin da nake wanke ƙarafa da shi. Tun muna yara nake jin wai yana kashe ƙwarƙwata. Na tsiyaya a tafin hannu na mulke kai har da gemu, na kifa hula, na zuba babbar riga, na fesa turare. Binta ta shaƙi iska ta ce, "Wannan warin fa?" Na ce warin sana'a ne, shi ke ciyar da ku.

Tun a mota fatar kaina ta fara raɗaɗi. Ƙanena Isuhu, da muka tafi tare, sai faɗa yake wa direba wai tankinsa na yoyo. Ni kuwa zufa na gangaro mini da maiƙo.

Muka isa, aka shimfiɗa mana darduma a zaure, aka gaggaisa. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne Hajiyar gidan mutuniyar Barno ce, kuma a gidan babban baƙo da turaren wuta ake karrama shi. Sai ga Alhaji da kansa ya fito riƙe da kasko, garwashi jawur, hayaƙi na tashi. Ya nufo ni.

"Bismillah, Malam, kai ne babba. Ɗaga rigar. Cire hular ma ka sunkuyo, gemun ya sha ƙamshi."

Ni da nake hana yaran shago kunna ashana kusa da galan ɗin fetur! Na ja da baya. Ya matso. Na ƙara ja, har bayana ya haɗu da bango. Isuhu ya mintsine ni, ya ce a hankali, "Yaya, kada ka ba mu kunya, ka karɓa mana." Fuskar Alhaji ta sauya. Ya ce, "Ko turaren gidanmu ne bai yi maka ba?" Na san in na ƙi, na ci mutuncinsa, auren ya lalace. In na sunkuya kuwa, sai dai a mayar da zaman na jana'iza. Ina cikin wannan sai garwashin ya yi tartsatsi.

Ban san lokacin da na kwarma ihu ba: "Alhaji, don girman Allah ja da wutar nan baya! Kananzir ne a kaina!"

Alhaji ya tsaya cak. Ya ce, "Kananzir kuma?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ƙwarƙwata gare ni, ranka ya daɗe."

Bai yi dariya ba (da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi). Ya fita da kaskon da sauri, ya dawo da bokitin ruwa da sabulu, ya ce, "Malam, tashi ka wanke yanzun nan. Wannan kasada da rai ce." Haka na tuɓe babbar riga na tsuguna a bayan zaure ina cuɗa kai, Isuhu ya karɓi maganar. Ina jiyo su sama-sama. Can na ji muryar Alhaji: "Yaron yana da nutsuwa, mun ba ku." Aka ɗaga hannu aka yi Fatiha. Uban ango ya ce amin da kumfa a ido.

Da za mu tafi ya miƙo mini kwalbar magani, ya ce saƙon Hajiya ne: a shafa wa kowa a gidan rana ɗaya, a maimaita bayan mako, kuma sai an tabbatar ƙwarƙwatar ta ƙare kafin a kai amarya. Ya ƙara da cewa, "Ta ce har da mai gidan." Fatar kaina kuwa sai da ta saɓule kafin ta warke.

Abin da na koya bai da yawa. Kunya a gaban matarka, cikin gidanka, ta fi arha a kan tsuguno a bayan zauren surukai. Har yau in na je Roni, Alhaji kan leƙo daga ƙofa tukuna ya ce, "Malam, yau a kawo wutar, ko a dakata?"