Yadda Na Kai Wayar Kawu Gidan Mushe

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da wayar Kawu Maidanda ta ɓata ba. Sati biyu ke nan da dawowata Dogon Dutsi daga Yamai, inda na gama karatu a kan gano inda waya take ta hanyar rezo, wato sabis ɗin waya. Kaina ya kumbura, ina ta neman inda zan nuna bajinta.

Abin da na karanta ba wuya. Waya tana magana da eriya, ana auna lokacin da saƙo ya ɗauka, a san nisanta. Amma idan dutse ko dogon gini ya shiga tsakani, saƙon sai ya yi kewaye, wayar ta bayyana nesa da inda take. Aikinmu shi ne mu rage wannan kuskuren. (Na yi wa duk wanda ya tsaya gaishe ni wannan bayanin, har mai shayi.)

Bayan masallaci Kawu ya shigo yana gumi, ya ce bai ga wayarsa ba. Lambobin duk masu sayen wakensa suna cikin wayar, ga shi ya kashe mata ƙara saboda salla.

Wallahi daɗi na ji! Na buɗe kwamfuta. Ɗigon da ke nuna inda wayar take ya fito daidai kan gidan Kawu.

"To ai gida na baro ta ke nan," in ji Kawu.

Na yi dariyar masana. "Kawu, nan ne wanda bai yi karatu ba yake faɗawa rami. Dutse ya tare tsakaninku da eriya, dole a rage nisan."

Na yi lissafi, na jawo ɗigon baya, ya sauka a kan gidan Mushe Abdu, tsohon malaminmu na lakwal, wato makarantar boko (Mushe muke kiran malamanta), wanda ya koya mini ɗaya da ɗaya biyu. Kawu ya ce sahu ɗaya suka yi salla da Mushe. Ni kuwa murna ta rufe mini ido, ban tsaya na tuna cewa sata nake shirin ɗora wa dattijo ba.

Muka kama hanya, ni a gaba da kwamfuta a buɗe. Kafin mu isa mun kai mu goma, don duk wanda ya tambaya sai na ce, "Zo ka ga ilimi!"

Mushe yana zaune a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe bayani kaf. Ya saurara har na gama.

"Wace eriya kaka magana, ɗana?"

"Ta bayan dutse, Mushe."

"Ɗaga kanka."

Na ɗaga. Ga wata sabuwar eriya ja da fari, tsaye ƙiƙam a bayan gidan Kawu, ko bishiya ba ta tare ta ba. An kafa ta ina Yamai. Sati biyu ina wucewa ta gindinta, idona na kan allo.

Ban rufe baki ba wayata ta yi ƙara. Inna ce, matar Kawu. "Ka hwaɗa ma kawunka ga salulatai nan cikin buhun wake."

Jama'a suka fashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya cire hula yana ba Mushe haƙuri, ni kuma na kasa haɗa ido da shi. Mushe bai yi fushi ba, shi ne ma abin da ya fi ƙona mini rai.

"Lissahinka daidai ne," ya ce. "Na ba ka goma bisa goma. Tambayar ce ba ka karanta ba."

Washegari na koma ni kaɗai na roƙi gafara, ya yafe. Daga ranar, kafin in gyara kuskuren na'ura sai na fita waje na duba ko akwai kuskuren tukuna. Sunan da 'yan unguwa suka laƙa mini ne dai har yau na kasa ragewa: Ɗaga-Kanka.