Barmo da Faifan Zanen Huluna

A gidanmu na Unguwar Rimi mu huɗu ne: ni, da Barmo ɗan ƙanena, da matarsa Lantana, da akuya. Barmo ya haura arba'in, bai taɓa ƙarya ba, bai kuma taɓa ƙara wa magana gishiri ba. Abin da aka faɗa masa, shi zai yi, ko sama za ta faɗo. Ni kuwa mata talatin ke ɗinka mini huluna, kuma zanena na shekara ashirin duk na zuba su a wata tsohuwar kwamfutar cinya. Wani Alhaji daga Maraɗi zai zo ran Juma'a ya gani. In sun yi masa, matan nan sun sami aikin shekara.

Wata rana kwamfutar ta fara jan ƙafa. Isyaku mai gyara ya duba ya ce cikinta ya cika. Ya kwashe zanen da manhajar buɗe su ya mayar kan faifan waje, wani ɗan abu kamar sabulu mai wutsiya. Ya ce da Barmo, "Ita kwamfutar kada a ƙara sa mata komai." Kwana biyu ta mutu murus. Na ce da Barmo, "Ka sa mata caji kuwa?" Ya ce, "Gwaggo, caji ba komai ba ne?"

Wata rana Isyaku ya ja masa kunne: kada ya fizge faifan sai kwamfuta ta ba da izini. Da azahar Lantana ta same shi durƙushe gaban tebur, hula a hannu. "Ranki ya daɗe, a ba ni izini in cire." Ta ce, "Malam, tuwo fa ya huce." Ya ce, "Yi shiru, manya ba sa amsawa da wuri." Har la'asar yana nan.

Wata rana, ana jibi Alhaji zai zo, na ga manhajar daga kan faifan tana buɗewa kamar hawainiya. Na ce, "Kai wa Isyaku faifan, ya rage nauyin zanen, ko ta yi sauri. Ka riƙe da kyau, kada ka bari kowa ya taɓa." 'Yan tashar da ke kan hanya nake nufi. Barmo ya isa shago, Isyaku ya miƙo hannu, shi kuwa ya cusa faifan a hammata.

"Kawo mana!"

"Gwaggo ta ce kowa."

"Ni ne kowa?"

"To kai wane ne?"

Ya dawo mini da shi yadda ya tafi. Ranar na wanke shi tas, har akuya ta bar cin dusa tana kallo.

Washegari sai ga Isyaku, ido ya yi zuru-zuru. Bairos, cutar kwamfuta, ya shiga babbar kwamfutarsa, duk faifan da aka jona mata jiya ya cinye shi ƙaf. Mutum tara masu faya-fayan na zaune a ƙofar shagonsa suna jiransa.

Ran Juma'a zanen suka buɗe, a hankali dai, amma ko ɗaya bai ɓata ba. Alhaji ya zaɓi goma sha biyu. Ya ce, "Hajiya, wa ke tsare miki kayan nan?"

Na nuna Barmo na ce, "Ɗana ne. Duk garin nan babu mai jin magana kamarsa."

Alhaji ya miƙa hannu zai duba faifan. Barmo ya mayar da shi hammata.