Ranar da Surukina Ya Tambaye Ni Labarin Yaƙi

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na je gaida mahaifin Hadiza a Durba, ana daf da sa ranar aurenmu.

Gyaran waya nake yi a kasuwar Rano, kuma Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. A lokacin wasu ƙasashe biyu na yaƙi, kullum sai in ji a rediyo wai masu kutsen intanet sun rufe shafin wannan, sun tona asirin wancan. Abin ya tsaya min a rai. Mutum ba soja ba, yana ɗakinsa, me ya kai shi faɗan gwamnatoci?

Sai na nemo zaurensu a intanet, na shiga ina tambaya (da Turancina mai ɗingishi). Wani ya ce garinsu aka yi wa ruwan bama-bamai, ba shi da bindiga sai kwamfuta. Wani kuwa suna kawai yake nema. Wani ya rantse rabinsu gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsu a ɓoye. Suka ce in ina son ƙarin bayani in sauke wata manhaja. Ni da nake hana mutane danna abin da ba su sani ba, na danna.

Ashe manhajar ta tura wa duk wanda ke cikin wayata saƙo da sunana, da tutar ɗaya daga cikin ƙasashen, da hoton mutum ya rufe fuska. Har da Kawu Sule, ƙanin mahaifin Hadiza, wanda aka ɗora wa binciken halina.

Ranar gaisuwar, ina durƙushe a zaure, kaina a ƙasa, Kawu Sule ya miƙa wa Alhaji, mahaifin Hadiza, wayarsa.

"Yaro, an ce ka shiga yaƙi," in ji Alhaji. "Da wa kake faɗa?"

Kafin in amsa, ya ƙara jefo wata tambayar.

"To ita ƙasar, gabas take ko yamma?"

Wallahi ban sani ba. Na ce, "Baba, tambaya kawai na je yi."

"Ikon Allah. Mu a nan mai tambaya ba ya dawowa da tuta."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka ɗage sa rana sai bayan kaka, don Kawu ya sake bincike.

Na auri Hadiza, amma har yau Kwamanda ake ce min a Durba. Na dai samo amsata: wasu fushi ke kai su yaƙin, wasu suna, wasu kuɗi. Sauran kuwa irina ne, an ce su danna, suka danna.