Ranar da Na Zama Kwamfuta a Bakin Kanal

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na zama kwamfuta ba. Lokacin ina malamin wucin gadi a wata sakandare a gefen Kura, ina koya wa 'yan aji ɗaya ilimin kwamfuta, kuma ranar ce Hajiya mai duba malamai za ta zo ta ga ko na isa a tabbatar da ni a aiki. Tun da aka sanar da ni cikina ke juyawa. Wuta kuwa, kamar an tsegunta mata, ta ɗauke.

Sai na fito da ɗalibai fili. Na ce, "Yau ni ne kwamfuta. Ba na tunani, ba na tambaya. In aka ce tafi, ba zan tsaya ba sai an ce tsaya." Na ɗaure idona da hankici (wai kwamfuta ba ta gani, a lokacin har yaba wa kaina na yi). Na ɗora Rabi, mai ƙarfin murya, a kan ba da umarni.

"Malam, juya hagu. Malam, tafi."

Na kama tafiya. Can na ji tsayuwar mota, sai ajin gaba ɗaya: "Ina kwana, Hajiya!" Gaisuwa ta kankama: an tashi lafiya, ya karatu, ya mutanen gida, ya aikin shinkafa. Ni kuwa ina tafe. Na san kanal ɗin ruwan noman rani na gabana, nisan ne ban sani ba. Gumi ya jiƙa hankicin. In na tsaya, na ƙaryata darasina a gaban Hajiya. In ban tsaya ba... Na koma taku irin na hawainiya. Na yi gyaran murya ko Rabi ta tuna da ni. Ina!

Ruwan iya ƙugu ne, amma ina kyautata zaton takalmina ɗaya ya isa Bunkure.

Hajiya ta ƙaraso bakin kanal, ta dube ni, ta dubi yaran. "Wa zai gaya mini abin da ke faruwa a nan?"

Rabi ta russuna. "Hajiya, ba laifin kwamfuta ba ne. Ba a ce mata tsaya ba."

Hajiya ta juya mana baya, kafaɗunta na rawa.

An dai tabbatar da ni, tunda yaran sun gane darasin fiye da yadda na so. Har yau nakan zama kwamfuta kowace shekara, amma da "tsaya" nake fara koyarwa, kuma bango nake fuskanta.